Ranar da Jinina Ya Sauka

Matso kusa ka ji, kai mai karatu, ko ke ce ma matso, don maganar nan ba ta ɗaga murya ba ce. A gidan da nake zaune, in na ɗaga murya yanzun nan za a ɗauko mini abin awon jini.

Ni mutuniyar Katagum ce, can bakin kogi aka haife ni. Aure ne ya kawo ni Azare, kuma tun da na shigo ban cika fita ba. Ba kulle aka yi mini ba, ni ce dai ba na son yawo. A ba ni tabarmata a gindin darbejiyar tsakar gida, da ɓarin goro, da wadda za mu yi hira, to an gama mini komai. Mata su shigo sayen daddawa, su zauna, kafin su tashi sun zube mini labarin unguwa kaf. Kunne kuwa Allah ya ba ni. Daga takun mutum a zaure nakan san ko da alheri ya zo.

Mutum ɗaya ce take fitar da ni daga gari, yayata, wadda muke kira Adda. Ita ta goya ni bayan mahaifiyarmu ta kwanta ciwo, ita ta rako ni ɗakin miji, kuma da na haifi ɗan fari, ana yaye shi ita aka ba wa, ya girma a ɗakinta a Katagum. Ka san yadda muke da ɗan fari. Ba na kiran sunansa, ba na zama in yi doguwar magana da shi, ko ido ba mu cika haɗawa ba. Ɗan Adda nake ce masa. Shi kuma ita yake ce wa Inna, ni Hajiya. Bayan rasuwar mahaifinsu ya dawo ya riƙe gidan, shi da matarsa, wadda take aikin nas. Ni ina ɗakina, ina daddawata.

Wata rana da hantsi na sunkuya zan sauke tukunyar kalwa, sai na ga tsakar gida ta juya, darbejiya ta koma ƙasa. Ban faɗi ba, na dafa bango. Amma matar Ɗan Adda ta gani, kuma kafin azahar ina zaune a kan bencin asibiti.

Wata yarinya ce nas, fara siririya, ta karɓe mu. Ta ɗora ni a sikeli, ta cusa mini ɗan tsinken awon zafi a hammata, ta kama wuyan hannuna da yatsu tana kallon agogo, bakinta yana motsi. Sannan ta gyara zama ta fara tambaya.

"Mama, shekarunki nawa?"

Na ce, "In kin san shekarar da rijiyar bayan gidanmu ta rufta, to ina da wayo lokacin."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ɗan Adda yana tsaye a bakin ƙofa, ya faɗi wata shekara daga kansa, ta rubuta.

Ta ci gaba. Tun yaushe nake jin jiri? Kai yana ciwo, ta gaba ko ta ƙeya? Ina samun barci? Ina yawan tashi fitsari? Ƙafa tana kumbura? Gishiri fa, da kanwa, da goro? Ina shan jiƙe-jiƙe? Wallahi daɗi na ji. Tun da aka kawo ni Azare ba wanda ya taɓa zama ya tambaye ni labarin jikina haka dalla-dalla, kuma yana saurare. Sai na saki baki. In ta tambayi ɗaya in ba ta uku.

Can ta ce, "Mama, a danginku akwai wanda ya taɓa faɗuwa, ɓarin jikinsa ya shanye?"

Na ce akwai, mahaifiyarmu. Na ba ta labarin yadda Adda ta sha ba ni shi. Mahaifiyar tamu tana tsaye tana daka, wani ya faɗo gidan a guje, ko sallama babu, ya ce kwalekwale ya kife da ƙanenta. Taɓarya a hannunta ta zube. Daga ranar ba ta ƙara taka ƙafarta ba, ba ta ƙara furta kalma ba har ta koma ga Allah. Na faɗa da kyau, har muryar mutumin na kwaikwaya. Ina cikin faɗa na ga Ɗan Adda ya ɗago kai ya dube ni, abin da ba ya yi.

Yarinyar ta naɗa mini wani ƙyalle mai kauri a damtse, ta danna inji, ƙyallen ya kumbura ya matse ni kamar zai tsinke hannun, sannan ya saki yana huci. Ta duba, dariyarta ta ɗauke. Ta sake. Ta kira likita. Shi kuma ya ce hawan jini ne, ya rubuta magani, ya ce a rage gishiri. Yana miƙa katin, hankalinsa ma ya riga ya koma kan mai bi mini, ya ƙara da cewa, "A riƙa kiyaye abin da zai tayar mata da hankali."

Shi a wucewa ya faɗa. Mu kuwa da maganar muka koma gida, ita da labarin mahaifiyata da na bayar da bakina.

Aka sayo inji irin na asibiti. Kullum da safe, kafin matar Ɗan Adda ta tafi aiki, sai ta shigo da shi a 'yar jakarsa.

"Zauna sosai, Mama. Ƙafa a ƙasa. Ɗora hannun a kan matashi. Kada ki yi magana, zai ɓata awon."

Ni da aka sani da magana, a ce in yi shiru da sassafe! In ya gama hucinsa sai ta kama wuyan hannuna, ta ƙirga numfashina tana yi kamar ba ƙirgawa take ba, sannan tambayoyi su biyo, irin na asibiti sak. Kin yi barci? Kai fa? Kin sha maganin? Me kika ci? Amma ita tana da ƙari.

"Wa ya shigo wajenki jiya?"

Ni kuma da zuciya ɗaya sai in faɗa. Na ce maƙwabciyata ce, tsohuwar nan 'yar Disina.

"Me ta ce miki?"

Na ce ta ba ni labarin wata jikar ƙawarta da ta rasu wajen haihuwa, har muka yi kuka tare.

"Shi ya sa," in ji ta, tana nuna mini fuskar injin kamar na iya karanta ta. "Kin ga inda ya kai?"

Daga ranar 'yar Disina ba ta ƙara wuce zaure ba. In ta zo sai a ce ina barci, ni kuwa ina jin muryarta, ina jin jan silifas ɗinta tana komawa. Wata safiyar na ce na ji sanarwar rasuwa a rediyo, ina jin na san mai gidan. Da yamma aka ɗauki rediyon wai za a kai gyara, lafiyarsa ƙalau. Aka ce hayaƙin kalwa da surutun masu saye ba su dace da ni ba, aka kife tukwanena. Duk abin da na ambata da safe, kafin magariba an raba ni da shi. Da na gane haka na fara rage amsa, sai ta ce, "Mama, ke kina iya ɓoyewa, inji ba ya ɓoyewa. Buɗe bakin in gani. Ba jan goro ba ne wannan?" Ta ɗaga matashina, ta kwashe ɗan abin da na adana, tana dariya. Yarinyar da aka kawo gidan nan tana rufe fuska in ta gan ni.

Abin da ya rage mini shi ne wayar Adda. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ta kira, a kawo mini wayar, mu yi ta yi har sai kuɗinta ya ƙare. Ta ba ni labarin kogi, ko ya kawo ko ya janye, da wanda ya haihu, da gwiwarta da ke damun ta. Ta ce, "Auta, har yanzu kina nan manne da tabarmar nan?" In ce, "Ina zan je, Adda? Duniyar ai ita take zuwa ta same ni." An gargaɗe ni kada in gaya mata ciwona, wai tsohuwa ce, kada a ɗaga mata hankali. Na ga kamar gaskiya ne, na yi shiru.

Sai wata Juma'a ta zo ta wuce, ba a kawo mini waya ba. Aka ce layin ne ba kyau. Ta biye ma haka. Da na matsa, matar Ɗan Adda ta ce, "Ba ta ɗan jin daɗi ne, zazzaɓi ne irin na damina."

Na tashi na ɗauko mayafina. Adda ba ta fasa waya don zazzaɓi. Matar da ta kira ni ranar da aka cire mata haƙori, bakinta cike da auduga.

"Ina za ki, Mama?"

"Tasha."

"To bari mu auna tukuna."

Ta auna. Ko ban iya karatu sosai ba na ji yadda ƙyallen ya daɗe yana matsa kafin ya saki. Ta fita, na ji suna ƙus-ƙus. Sannan Ɗan Adda ya tsaya a bayan labulena, ya yi magana da matarsa don in ji, yadda muka saba.

"Ki gaya wa Hajiya hanyar nan ba kyau, ga jijjiga. Ranar da jinin ya sauko ƙasa da ɗari da arba'in, ni da kaina zan kai ta."

Da wani ɗan ne cikin 'ya'yana, da na ɗaga labulen na wanke shi tas, na wuce. Amma ɗan fari ne. Na ninke mayafin na ajiye a bakin gado.

To daga nan na shiga yi wa inji biyayya. Miya ba gishiri ko ƙwaya, na ci. Goro na bari da kaina. Aka ce zoɓo ba sukari yana saukar da shi, na sha har haƙorana suka mutu. Aka ce tafarnuwa, na haɗiya har ni kaina ina gudun numfashina. Na haɗa tsarabata a jaka, ragowar daddawata ta ƙarshe, da turmin atamfa, da man zafi saboda gwiwarta, na ajiye kusa da mayafin. Kullum in na idar da sallar asuba sai in zauna shiru kamar gunki, ina lallashin zuciyata, ina ce mata kwanta, kwanta, yau kaɗai. Amma da na ji ƙarar zif ɗin jakar injin nan, sai ƙirjina ya hau duka. Ina so ya sauka, son da nake yi kuma shi ke hau da shi.

"Kin gani ko, Mama? Ke ce ba ki so ki tafi."

Haka take ce mini, tana naɗe igiyar.

Ana cikin haka Ɗan Adda ya yi tafiya, aka ce aiki ne ya kai shi Bauchi. Da ya dawo na ji sallamarsa, muryar ta dushe kamar ta wanda ya kwana a cikin sanyi. Tafiyarsa ma ta sake, yana jan ƙafa. Washegari maza suka yi ta zuwa zaure, ba irin zuwan hira ba, don ba dariya. Su zauna kaɗan, a yi ƙasa da murya, in ji an shafa fatiha, su tashi. Iska ta kawo mini guntun maganar wani dattijo, "Allah ya sa ta huta."

Da safe ana naɗa mini ƙyalle na ce, "'Yar nan, wa ya rasu?"

"Kada ki yi magana, Mama."

Na jira ya saki. Na ce, "Wa ya rasu?"

"Uwar wani abokin aikinsa ce."

"Uwar abokin aiki ce za a zo yi masa gaisuwa a zaurensa?"

Ta kama wuyan hannuna, ta ɗora yatsunta, ta dubi agogo. Can ta ce, "Kin ji yadda yake gudu kuwa? Kin sa wa kanki zargi, kin tayar da shi. A haka za ki je Katagum ɗin? Ki je ki faɗi a gabanta kamar yadda mahaifiyarku ta faɗi, ita da ba lafiya ba?"

Labarin da na bayar da bakina, shi aka juyo aka toshe mini baki da shi.

Ka san abin da na yi? Na rufe kunnena. Ni da nake jin faɗuwar allura a ɗakin maƙwabta, na koya wa kaina rashin ji. In an yi sallama a zaure sai in ja carbi da ƙarfi. In na ji an ambaci Katagum a tsakar gida sai in shige ƙurya. Na ce a raina duk abin da kunne ya ɗauko, inji zai gani da safe, kuma in ya gani ba tafiya. Adda tana can tana jira, ba ni da lokacin zargi.

Aka daɗe a haka. Gero ya fitar da kai, har aka fara maganar girbi. Na rame, zanina yana zamewa. Wata safiya an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, na tashi jikina duk a mace, ko lallashin zuciyar ban yi ba, na gaji. Ta shigo, ta naɗa, ta danna. Ƙyallen bai daɗe ba ya saki.

Ta duba. Ta sake aunawa. Ta koma ɗaya hannun. Ta kama jijiya, ta ƙirga numfashi. Sannan ta ce, "Mama, yau ya sauka."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce alhamdulillahi, na ce Allah ya yi miki albarka, 'yar nan, har da riƙe mata hannu. Na yafa mayafi, na rungumi jakar tsaraba. Ita kuwa ta leƙa waje ta kira mijinta, na ji ta ce masa a hankali, "Ya sauka sosai. Yanzu za a iya."

Na ɗauka tafiyar take nufi.

Sai ga Ɗan Adda ya ɗaga labule ya shigo ɗakina, abin da bai taɓa yi ba tun da ya girma. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya cire hula. Ba makullin mota a hannunsa.

"Hajiya," in ji shi, "sai haƙuri. Inna ta rasu."

Na ce, "Yau?"

Ya murza hular a hannunsa.

"Jiya?"

Ya sunkuyar da kai. Matarsa ce ta amsa. "Jibi ne sadakar arba'in, Mama. Muna ta jiran ya sauka ne mu gaya miki."

Ashe saukar da nake ta wahala a kai, ba ta tafiya ba ce. Tafarnuwar, da zoɓon, da toshe kunnen, duk ina gyara musu jikina ne don su sami inda za su ajiye mini mutuwar Adda.

Na buɗe baki zan yi salati, sai na ji abu ya kama mini damtse. Ƙyallen ne. Ta riga ta naɗa, ta danna.

"Kada ki yi magana, Mama, zai ɓata awon."

Na zauna da jakar daddawa a cinyata, inji yana matsa ni, su biyu sun zuba wa fuskarsa ido. Ba wanda ya dubi tawa. Ban faɗi ba. Hannuna bai shanye ba, bakina bai karkace ba. Da ya saki, ta ce, "Ya ɗan hau, amma ba laifi," na ji Ɗan Adda ya sauke ajiyar zuciya, sannan ya fashe da kuka kamar yaro. Shi ya sami wanka da sallah da kabari, ya sami zaure cike da masu yi masa gaisuwa, yanzu kuma ga kuka. Ni aka miƙo mini ƙwayar magani da ruwa.

Ya cika alkawari kam, shi da kansa ya kai ni, da injin a kujerar gaba. Hanyar ba wata jijjiga.

A gidan Adda mata suka amsa gaisuwata a daƙile. Wata tsohuwa da muka yi wasan ƙasa tare ta ce, "A'a, 'yan Azare an samu fitowa?" Ban gane ba sai da 'yar Adda ta ja ni ɗakin uwarta. Gadon ba ya inda na san shi, an jawo shi ya fuskanci ƙofa.

Ta ce, "Ita ta sa aka juya shi, Inna ƙarama. Don ta gan ki tun daga zaure."

Na ce, "Ba a gaya mata ba ni da lafiya ba?"

"Yaya, ɗan naki, shi ya hana. Ya ce in ta ji kina ciwo, nata zai tashi. Sai muke ce mata gobe za ki zo. In ta ji tsayuwar mota sai ta ce a ɗaga ta zaune, a gyara mata ɗankwali."

"Har ƙarshe?"

Ta ce, "A'a. Daga baya ta daina tambaya. Na ce mata, Inna, gobe fa Inna ƙarama za ta zo. Sai ta ce, ƙyale ta, dama Auta ba ta son fita."

Na ajiye man zafin a kan gadon, don ban san inda zan kai shi ba.

Har yau ana auna ni kowace safiya. Kin yi barci? Na yi. Kai fa? Lafiya lau. Wa ya shigo jiya? Ba kowa. Me ke damun ki? Ba komai. Jinin kuwa ya zauna daram, matar Ɗan Adda har faɗa wa abokan aikinta take yi yadda ta shawo kansa. Shi ma in ya wuce ta bayan labulena nakan ji yana ce mata, "Ai gara da muka bi a hankali, ga shi tana nan da ranta."

Ina nan da raina kam. Ɗan fari ne, ba zan iya tambayarsa ba, shi ya sa na kira ka kusa. Da kai ne a bayan labulen nan, makullin mota a aljihunka, uwa ɗaya ta yafa mayafi, ɗaya kuma ta sa an juya gadonta tana kallon ƙofa, za ka tayar da motar, ko za ka ce a auna tukuna?